Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgi Ya Bar Mahaifiyata a Jidda da Tikiti a Hannu

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mazauniyar Makka ce a Shara Mansur, shekara 11 ke nan da aure ya kawo ni. A watan azumin da ya wuce mahaifiyata ta zo Umara daga Kano, ta yi goman ƙarshe tare da mu, kuma tikitinta na zuwa da komawa ne wanda ƙanena ya saya a hannun wani ejan. Ranar komawarta mun isa filin jirgin Jidda saura awa 4 a tashi, muka bi layi kamar kowa, amma da muka kai gaban ma'aikacin sai ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ce jirgi ya cika, mu koma gefe. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, kuma tun wajen sayen tikiti aka rubuta cewa tana buƙatar keken turawa, amma ba a kawo ba. A kan kujerun filin jirgi muka kwana, ruwa da biskit kawai aka ba mu, duk wanda muka tambaya sai ya ce bukura, wato gobe, in sha Allah. Sai daren kashegari aka sa ta a wani jirgin. Da ta sauka Kano akwati ɗaya ya fito, ɗaya bai fito ba. Ƙanena ya je ofishin kaya aka ba shi wata takarda mai haruffa da lambobi, yau mako 5 ke nan babu labari. Ejan ya ce a je wa kamfani, kamfani ya ce a je wa ejan. A makon jiya wani ma'aikacinsu ya ce za su biya dala 20 a kan kowane kilo, ko su ba da takardar rangwamen tikiti, in ƙanena zai sa hannu. A cikin akwatin akwai abayoyi, dabino, turaren wuta, magungunanta, zobe da 'yan kunne na zinare, da gorar Zamzam da muka naɗe a cikin bargo. Maigidana ya ce mu yi haƙuri, tunda daga ibada ta fito, bai kamata a ja magana ba. Malam, muna da wani haƙƙi a nan? Kuma in mun bi, ba mu ɓata mata lada ba?

Daga wata 'yar'uwa, Shara Mansur, Makka.

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya karɓi ibadar Baba, ya ba ta lafiyar ƙafa. Kafin komai, ki kira ƙanenki yau ki ce masa kada ya sa hannu a kan kowace takarda, kuma ya ɗauki hoton wadda aka ba shi a ofishin kaya ya turo miki, domin duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan 'yar takardar ya dogara.

Abin da ya same ku a gaban kantar awon kaya ba kuskuren kwamfuta ba ne. Kamfanonin jiragen sama sukan sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgi da gangan, saboda sun san daga lissafin shekaru cewa a kowace tafiya akwai waɗanda ba za su zo ba, kuma kujerar da ta tashi babu kowa hasara ce da ba ta dawowa. A yawancin ranakun shekara lissafin yakan yi daidai, ba wanda zai ji labari. Amma a makon bayan ƙaramar Salla, lokacin da duk wanda ya yi goman ƙarshe a Harami yake son komawa gida a rana ɗaya, kowa yana zuwa, sai a wayi gari mutane sun fi kujeru. Doka ba ta hana wannan ciniki ba, sai dai ta ɗora wa kamfanin nauyin abin da ya biyo baya, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dokar da ta shafe ku ita ce ta Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Saudiyya, GACA, wadda mutanen gari suka fi sani da Ɗayaran Madani. Sababbin ƙa'idojinta na kare haƙƙin fasinja sun fara aiki ranar 20 ga Nuwamba 2023, kuma sun hau kan duk jirgin da ya tashi daga wani filin jirgi na Saudiyya, ko kamfanin na ƙasar ne ko na waje, har da jiragen da ake ɗauka haya domin Hajji da Umara. Saboda haka kada wani ya ce miki ai a Kano aka sayi tikiti, ko ai kamfanin ba na nan ba ne; daga Jidda aka tashi, shi ke nan. A ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, fasinjan da ya zo a kan lokaci da cikakkun takardu aka hana shi hawa saboda an sayar da kujerarsa yana da diyya da ke iya kaiwa kashi 200 cikin 100 na kuɗin tikiti, wato ninki biyu, gwargwadon yadda lamarin ya kasance da kuma zaɓin da aka ba shi. Ban da diyya akwai kulawa: abin sha a awa ta farko, abinci in jira ya kai awa 3, masauki da motar kai wa da dawowa in ya kai awa 6. Jinkirin da ya wuce awa 6 kuma hukumar ta bayyana diyyarsa da riyal 750. Rashin kawo keken turawa ga wanda ya nema shi ma an yanka masa riyal 500. Kin ga ke nan kwanan da dattijuwa mai ciwon gwiwa ta yi a kan kujera da biskit a hannu ba ƙaramar saɓawa ba ce, kuma ba abu ɗaya aka saɓa ba.

Ba ina nufin ki tara waɗannan kuɗaɗe duka ki ce ga abin da ake bin ki ba, domin wasunsu suna shiga cikin wasu, kuma hukuma ce za ta tantance. Aikinki shi ne ki jera abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya da lokacinsa: ƙarfe nawa kuka isa, ƙarfe nawa aka ce ku koma gefe, me aka ba ku, yaushe ta tashi. Abu guda da kamfani zai fara fakewa da shi shi ne cewa kun makara, tunda galibi ana rufe kantar tafiyar ƙasashen waje saura awa ɗaya a tashi. Don haka ki nemo duk abin da zai nuna lokacin isarku. In da motar haya ta manhaja kuka je, tarihin tafiyar yana nan a wayarki. In kin ɗauki hoton Baba a layi kin tura wa 'yan'uwa a WhatsApp, kamar yadda muka saba, to wannan hoton yana ɗauke da sa'a da minti, kuma a yau ya fi rantsuwar mutum goma amfani.

Sai maganar akwati, wadda a nan ne ake son a yi muku wayo.

Dala 20 a kan kilo ba ƙirƙirar wancan ma'aikacin ba ce. Tsohon lissafi ne da ya samo asali daga yarjejeniyar Waso ta 1929, wadda ke auna kayan fasinja da nauyi, ko zinare ne a ciki ko tsumma. An maye gurbinta da yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003, kuma Saudiyya da Nijeriya duk suna cikinta, don haka tafiya daga Jidda zuwa Kano ita ke hukunta ta. Wannan yarjejeniya ba ruwanta da kilo. Ta sa iyaka ne a kan kowane fasinja, da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda ake lissafa darajarsa daga dalar Amurka, yuro, yuwan na Sin, yen na Japan da fam na Ingila. Iyakar ta fara da 1,000, ana duba ta duk bayan shekara 5. Ta kai 1,288 a ƙarshen 2019, sannan 1,519 daga 28 ga Disamba 2024. Tunda SDR ɗaya yana kusan riyal 5, iyakar yanzu ta haura riyal 7,000. Ita ma GACA da ta fitar da nata ƙa'idojin a 2023 ta ambaci kimanin riyal 6,568 ga kayan da suka ɓace ko suka lalace, wanda shi ne tsohon adadin nan na 1,288 a kuɗin ƙasar. Yanzu ki lissafa da kanki: akwati mai kilo 23 a kan dala 20 ya kama dala 460, wato riyal 1,725 a canjin riyal 3.75. Abin da aka miƙa wa ƙanenki bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar da doka ta sa ba, kuma takardar da ake so ya sa wa hannu, in irin wadda aka saba ce, tana ɗauke da layin da ke cewa ya karɓi cikakken haƙƙinsa ba zai sake neman komai ba.

Sai dai iyaka iyaka ce, ba kyauta ba ce da ake ba duk wanda akwatinsa ya ɓata. Za a nemi ku rubuta abin da ke ciki da ƙimarsa, kuma za a so a ga shaida. A nan ne mutanenmu suke shan wahala, domin wanda ya sayi abayoyi a kasuwar Utaibiyya ko a Balad da ke Jidda, ya yi ciniki har ya gaji, ba kasafai yake tuna karɓar fatura, wato rasidi, ba. Ki duba abin da kika biya da katin mada, wato katin bankin Saudiyya, saƙon banki yana nan. Ki koma shagunan da suka san ki, ki nemi su rubuta miki. Abin da babu shaidarsa kuma ki sa masa ƙima ta gaskiya. Ina roƙon ki kada ki ƙara ko riyal ɗaya. Masu duba waɗannan takardu sun ga dubbai, sun san kuɗin abaya da na kwalin dabinon ajawa, kuma da zarar sun kama ƙari a layi ɗaya sai su yi shakkar sauran duka.

Zinaren kuwa, a gaskiya an yi sakaci. Kusan kowane kamfani ya rubuta a sharuɗɗan tikitinsa cewa kada a sa kuɗi, zinare, magani ko muhimman takardu a kayan da ake aunawa, kuma da wannan sharaɗin zai yi ta ja da ku. Yarjejeniyar ta buɗe ƙofa ga mai kaya masu tsada ya bayyana ƙimarsu a wajen awo ya biya ƙarin kuɗi, amma ban taɓa ganin Bahaushe ya yi haka ba, ni ma ban taɓa yi ba. Ki rubuta zinaren a jerin tunda gaskiya ne yana ciki, amma kada ki kafa rai a kansa. Maganin Baba kuma, ina fata an riga an saya mata wani, kuma an ajiye rasidinsa, domin shi ma yana cikin hasarar da jinkirin kaya ya jawo.

Takardar da aka ba ƙanenki ita ce ma'aikata ke kira PIR, wato rahoton cewa kaya bai iso ba. Ki duba, za ki ga haruffa 5 da lambobi 5: uku na farko KAN ne, alamar filin jirgin Malam Aminu Kano, biyu na gaba alamar kamfanin, sai lambobin. Da wannan ake neman akwati a rumbun kwamfutar da yawancin kamfanonin duniya suke tarayya a cikinsa. Ƙanenki ya yi abin da mutane da yawa ba sa yi. Na taɓa tsayawa a wajen karɓar kaya ina kallon wani dattijo da jakarsa ba ta fito ba, aka tambaye shi ɗan liƙin nan mai zane-zanen layuka da ake mannawa a bayan fasfo ko katin hawa jirgi lokacin awo, sai ya ce ai ya ɓanɓare shi tun a cikin jirgi saboda yana ɓata masa fasfo, ya dunƙule ya zuba a kofin shayi. Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya tafi za a kira shi. Ya tafi babu takarda, babu lamba, sai addu'ar da ya yi wa ma'aikacin. Ku kuwa kuna da lamba, kuma kwana 21 sun wuce, wanda shi ne wa'adin da yarjejeniyar ta ce bayansa fasinja na da ikon ɗaukar kayansa a matsayin ɓatattu ya nemi diyya, ko kamfani ya amsa sun ɓata ko bai amsa ba. Ga sauran masu karatu, akwai wasu wa'adin guda biyu da suke kashe ƙorafi da yawa: kayan da suka iso a fashe ko a lalace ana rubuta ƙorafinsu cikin kwana 7 da karɓa, waɗanda suka iso a makare kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa su. Zuwa kotu yana da shekara 2, bayan haka ƙofa ta rufe.

Akwai wani abu a wasiƙarki da ya tsaya mini a rai, wato gorar Zamzam da aka naɗe a bargo. Hukumomin Saudiyya sun hana sa Zamzam a cikin akwatin da ake aunawa. Abin da aka yarda da shi shi ne gora ɗaya mai lita 5, a rufe cikin kwalinta na masana'anta, wadda ake saya a filin jirgi a auna ta daban. Na'urar binciken kaya tana ganin ruwa ko da a cikin bargo goma yake, kuma akwatin da aka gani da shi akan ware shi gefe. Hukumar alhazai ta Nijeriya, NAHCON, ta sha jan kunnen alhazai a kan wannan a lokacin jigilar komawa gida, saboda yadda yake jinkirta kaya da jirage. Don haka zatona, kuma zato ne kawai, mai yiwuwa akwatin Baba bai taɓa barin Jidda ba. Kuna ta nemansa a Kano alhali ƙila yana nan a ɗakin ajiya, tafiyar awa ɗaya daga gidanki. Ki sa maigida ya raka ki ofishin kayan kamfanin a tashar da ta tashi, da hoton takardar nan, da kwafin fasfonta, da bayanin launin akwatin da duk wata alama da kuka ɗaura masa. In an tambaye ki ko akwai ruwa a ciki ki ce akwai. In akwatin ya fito, magana ta koma ta jinkiri, wadda hukumar ta bayyana diyyarta da riyal 740 a rana ta farko da riyal 300 a kowace rana bayanta har zuwa wancan iyaka, kodayake kamfani zai iya cewa Zamzam ɗinku ce ta jawo, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Wannan bai taɓa maganar hana hawa jirgi da kwana a kujera ba, ita tana nan daram.

Turawar da ake yi muku tsakanin ejan da kamfani kuwa tsohuwar dabara ce ta gajiyar da mai haƙƙi. Ejan ya sayar da tikiti ne kawai. Wanda ya hana hawa, ya auna kaya ya manna musu lamba, shi ne kamfani, kuma shi doka ta kama. Matakin farko shi ne ki shigar da ƙorafi a rubuce ta shafin kamfanin na intanet, da sunan Baba kamar yadda yake a fasfo, da lambar tikiti mai lamba 13, ki tabbata an ba ki lambar ƙorafi. Magana da baki a kantar kamfani ko a waya, komai daɗinta, ba ta shiga lissafi. In kwana 7 suka wuce ba a amsa ba, ko aka amsa da abin da bai gamsar ba, sai ki kai wa GACA ta shafinta ko ta lambarta ta 1929, ki ba da waccan lambar ƙorafin, domin ita za a fara tambayar ki. Hukumar tana fitar da jadawali duk wata na yawan ƙorafin da aka kai a kan kamfanonin ƙasar cikin kowane fasinja 100,000, da yadda suka warware su a kan lokaci, kuma babu kamfanin da ke son ganin sunansa a ƙasa. Na san a unguwanninmu akwai waɗanda ke gudun duk wata hulɗa da hukuma saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama. In hakan ta shafi gidanku, to haƙƙin na fasinja ne, kuma ƙanenki yana iya cika komai daga Kano a madadinta.

Game da maganar maigida, Allah ya saka masa da alheri, nufinsa mai kyau ne. Amma haƙurin da ake samun lada a kansa daban, barin haƙƙi saboda an gajiyar da mutum daban. Tikiti ƙulla yarjejeniya ne, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla. Ya tabbata a hadisi cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bashi, har ya tsananta magana, sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi domin mai haƙƙi yana da ta cewa. In Baba, bayan an sanar da ita abin da take bi, ta ce ta yafe, wannan nata ne kuma falala ce. Amma ba a yafe abin da ba a san ana bi ba, kuma a ganina yawan wannan shiru namu ne ya sa in za a zaɓi wanda za a ce ya koma gefe, ido yake fara sauka a kan tsohuwa mai ɗaurin zane wadda ba ta jin Larabci.

Tambaya

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Na sayi tikitin hutu daga Madina zuwa Jidda, daga nan zuwa Kano, da dawowa. Sai na ga gara in yi Umara kafin in tafi, na hau jirgin ƙasa zuwa Makka, da niyyar in tari jirgina a Jidda. Da na je aka ce an soke tikitin gaba ɗaya, har da na dawowa, sai da na sayi sabo. Wannan ba zalunci ba ne, tunda na biya kuɗin kujerar?

Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa

Ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Na fahimci zafin abin, amma a nan takarda tana bayan kamfani. Sharuɗɗan yawancin kamfanoni sun ce ana amfani da zangunan tikiti a jere, wanda ya tsallake na farko ba tare da sanarwa ba kwamfuta za ta soke sauran. Dalilinsu shi ne farashi ba a kan nisa yake ba, a kan kasuwa yake, har ta kan yiwu tikitin da ya faro daga Madina ya fi wanda ya faro daga Jidda araha. Ni a ra'ayina soke har da zangon dawowa, wanda ke da watanni a gaba, ya wuce gona da iri, amma ra'ayina ba zai dawo maka da kuɗi ba. Abin da za ka iya nema shi ne harajin filin jirgi da ke cikin tikitin da ba ka yi amfani da shi ba, da duk abin da dokar farashin tikitinka ta ce ana mayarwa bayan an cire tarar rashin zuwa. Ka nema a rubuce. Ka kuma faɗa wa abokan karatunka, domin duk ƙarshen shekara sai an samu wanda ya faɗa wannan ramin: mai son biyawa ta Makka ya sayi tikitinsa daga Jidda tun farko.

Tambaya

Malam, ni direba ne a Riyad. Na je gida hutu, ranar dawowata aka soke jirginmu a Kano, aka ce hazo ne. Kwana 4 ana cewa gobe, bizata ta huruj da auda, wato ta fita da dawowa, kuma saura kwana 2 ta ƙare, dole na ci bashi na sayi tikitin wani kamfani. Yanzu wata 3 ke nan ina neman kuɗina, sun ce sai dai su ba ni tikitin da zan yi amfani da shi cikin shekara ɗaya. Ni kuwa ba na zuwa gida sai bayan shekara 2.

Daga wani direba, Riyad.

Amsa

Sannu da ƙoƙari Malam, kuma ka yi dabara da ka shigo kafin bizar ta mutu. Tunda daga Kano aka soke tafiyar, hukumar da ke da iko ita ce ta kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ƙarƙashin sashe na 19 na ƙa'idojinta na 2023, wanda ya ƙunshi haƙƙin fasinja. In kuma kamfanin na Saudiyya ne, ƙa'idojin GACA su ma sun hau kansa a jiragensa masu shigowa ƙasar, sai ka zaɓi inda ya fi maka sauƙi. Hazon hunturu a Kano gaskiya ne, yakan rufe ido har jirgi ya kasa sauka, kuma in da gaske shi ne dalili to kamfani ya kuɓuta daga biyan diyya, domin ba shi ya saukar da ƙura ba. Amma bai kuɓuta daga mayar da kuɗin tafiyar da bai yi da kai ba. Diyya daban, mayar da kuɗi daban, kuma da gangan ake cakuɗa su domin mutum ya ɗauka tunda hazo daga Allah ne kuɗinsa ma ya bi iska. Takardar rangwame ba ta zama madadin kuɗi sai da yardarka, saboda haka ka rubuta musu ƙarara cewa ba ka karɓa ba, kuɗi kake so.

Ka kuma binciki abu ɗaya kafin ka ci gaba da zargin kamfani. Kuɗin tikiti yana komawa ne ta hanyar da ya shigo, don haka in ta hannun ejan ka saya, asusun ejan za a mayar wa, ba naka ba. Ka nemi kamfanin ya gaya maka a rubuce matsayin lambar tikitinka. In ya ce an riga an mayar, ka nemi ranar da adadin, ka tura wa wani ɗan'uwanka mai tsayawa a kan magana ya kai wa ejan har ofis. Kuɗin tikitin da ka saya da bashi shi ma ka sa shi a ƙorafin tare da rasidinsa, ka tambaye su dalilin da ya sa wani kamfani ya iya tashi daga filin jirgi ɗaya a cikin kwanakin da su suka ce hazo ya hana su, domin yarjejeniyar Montiriyal ba ta sauke wa kamfani nauyin hasarar jinkiri sai ya nuna ya yi duk abin da ya kamata ya yi. Gaba kuma, in za ka nemi huruj da auda, ka roƙi kafilinka, wato uban gidan da ke tsaya maka, ya ƙara wata ɗaya a kan kwanakin hutunka. Riyal 100 ne kowane ƙarin wata a kan riyal 200 na wata biyun farko, alhali tsawaita bizar bayan mutum ya fita ninkin haka ake biya, kuma sai kafili ya ga dama ya shiga Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ya yi.